Igwar Edinbara da Azumin Yaya Habibu

Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida abokan karatunka. Yaya sanyin Edinbara? Mu nan Makka lafiya lau, Baba da Inna suna sa maka albarka.

Na karanta wa Kaka labarin yawonka. Kasuwar tsofaffin kaya ta ba ta dariya. Amma da na zo kan igwar da ake bugawa kullum da rana tsaka baƙi suna kallo, sai ta ajiye carbi.

"Da rana? Ga azumi ya matso! Yaron nan tun yana ƙarami, da ya ji igwa sai ya kai dabino baki."

Na ce tasu ta saita agogo ce, ba ta buɗa-baki ba irin tamu. Ta ce, "Ke, igwa igwa ce." Ta rantse in ba ka yi mata alkawarin ƙin buɗe baki da igwar rana ba, sai Baba ya dawo da kai gida.

Don Allah ka rubuto da wuri. Ta ce kuma ka roƙi masu igwar su jira magariba, ai wata ɗaya ne kawai.

Ka sa ni a addu'a, jarrabawa ta kusa.

Ƙanwarka,
Safiya