Kwalbar Maganinki Ta Kusa Ƙarewa

Zuwa ga Hajiya,

Gaisuwa mai yawa, tare da roƙon Allah ya haskaka makwancinki. Na san wannan takarda ba za ta iske ki ba, amma ba ni da wanda zan faɗa wa abin da ke cikinta.

Ruwan bana ya zubar da katangar bayan ɗakinki, ban gyara ba. Tattabarunki na ba maƙwabta, don na kasa tashi in watsa musu dawa. Sai in idar da sallar asuba in koma shimfiɗa, in ji kamar an ɗora mini buhu a ƙirji har azahar. Ko masallacin unguwa na rage zuwa.

Ga abin da nake ɓoyewa. Tun rasuwarki ban karɓo maganin cutar nan tamu mai karya garkuwar jiki ba. Ke ce kike jan mayafi ki bi layi a asibiti, ki karɓo naki da nawa. Sau ɗaya na gwada. Da na isa tagar da ake ba da magani, sai na ga mai bayarwar ɗalibina ne, wanda na koya wa lissafi a makarantar Gwale. Ya fito ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi abin da ya kawo ni. Na ce dubiya na zo. Tun ranar, ko sallama aka yi a zaure sai gabana ya faɗi, in ɗauka labari ya iso unguwarmu Koki.

Da nawa ya ƙare, sai na koma kan ragowar naki. Ina raba ƙwayar biyu da reza don ta daɗe, wata rana ma ba na sha. Na yi boko, ina karanta abin da ke jikin kwalbar, na san ba haka ake sha ba. Tarin nan ya dawo, wando kuma ya yi mini yawa.

Kin tuna murnarki lokacin da aka fara ba da maganin kyauta, bayan soja sun koma bariki? Kika ce Allah ya ara mana kwana. To, me ya sa idon ɗalibina ya fi kabari ba ni tsoro?

Ni na kawo miki cutar nan, Hajiya. Kin sani, ba ki taɓa furtawa ba. Kullum kika miƙo mini ƙwaya da koko sai in yi niyyar neman gafararki, in fasa. Kin yafe mini kuwa?

Yau Litinin, ranar karɓa Alhamis. Ƙwaya uku suka rage da safe, na haɗiye ɗaya ban raba ba, saura ta gobe da ta jibi. Na wanke farar rigata, na sa katin asibitin a aljihunta. Ina tsoron zuwa, ina kuma tsoron in biyo ki saboda ban je ba. Ban sani ba ko ƙafata za ta wuce zaure.

Allah ya jiƙan ki, ya sada mu da alheri.

Mijinki,
Malam