Tsawon Baba

Assalamu alaikum Yaya,

Ina fatan kana lafiya, da Inna da yara. Ya ciwon bayan Baba? Ni lafiya lau, sai dai zama ya gagare ni. In mun rufe shagon kekuna, zaga tituna nake kamar mai neman ɓatacciyar akuya.

Mutanen nan da gangan suke hawan duwatsu da keke, wai wasa! Kekensu na da sifirin gaba da baya, yana shanye gargada kafin ta kai ƙugu. Na gwada ɗaya, na faɗi na ɗan gurɗe hannu. Kada Inna ta ji. Tun daga ranar, hanyar gonarmu nake gani a raina, Baba na cije leɓe kan tsohon kekensa.

Shi ya sa zan haɗa masa irin keken nan. Na zaɓa masa tayoyi masu kauri, da birki mai kamawa ko cikin laka. Saura girman keken. Maigidana ya ce da tsawon mahayi ake zaɓa. Na ɗaga hannu sama da kaina zan nuna masa, sai na tsaya. Rabona da Baba ya yi nisa.

Don Allah ka tsayar da shi jikin bango ka auna min. In ya ranƙwafa, kada ka miƙar da shi. Faɗa min yadda yake.

Allah ya sada mu da alheri.
Ƙaninka