Soron da na rushe

Ƙanena Saminu,

Bayan gaisuwa, ina lahiyar Inna da mutanen Filinge? Ni lahiya lau a Faransa, sai ɗan ciwon baya.

Ka ce zahin kwano ya sa Inna ta suma a ɗaki. Ka san aikin da nike yi nan? Yaɓen ƙasa da ciyawa! Turawa na biyan shi da tsada, don gida ya yi sanyi bai ci wutar lantarki ba. Ni ko na rushe soron Baba na zuba siminti da kwano, har na kira makaɗa.

Ƙarhin sake gini ya ƙare mini. Ka kai ta ɗakin ƙasar ƙanwarmu Hamida a Damana. Wanda ya tambaya, ka ce ziyara ta tahi.

Allah shi ba ta lahiya.

Yayanka,
Tahiru