Rasuwar Kaskon Turarenki

Zuwa ga Sa'adiyya, ruwan randata a tsakar bazara, inuwar darbejiyar da nake fakewa in rana ta take, ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, kuma mace mafi taurin kai tsakanin Yakasai da Koki.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya a gidan Yaya Jummai a Koki, ina sanar da ke cikin jimami cewa kaskon turarenki ya riga mu gidan gaskiya. Ya rasu jiya da hantsi a bayan ƙofar ɗaki, bayan 'yar gajeriyar rashin jituwa da ƙafata ta dama. Ya bar murfi guda da toka mai yawa. Ba za a yi zaman makoki ba.

Tun ranar da kika figi mayafi kika tafi wurin yayarki, don kawai na ce ba zan bi ki asibiti in zauna a layin mata ba, gidan nan ya zama kango. Tantabarun kan soro sun daina kuka, shayin da nake haɗawa ko kyanwa ba ta sha. Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. Haushi ne, Sa'a, haushinki nake ji, kuma ƙaunarki ce take hura shi.

Haba, hasken idona! Sai yanzu, a bakin Yaya Jummai, a tsaye a zaure, da muryar nan tata da ake ji har bakin titi, zan san cewa kin daɗe kina shan azaba duk lokacin da muka kusanci juna? Kina cije leɓe, kina juya fuska bango, ni kuwa ina can ina lissafin ko kin gaji da furfurata ne! Kin faɗa wa yayarki. Kin faɗa wa Kande mai kayan mata ta Jakara. Kin faɗa wa maƙwabciyarmu, wadda nan take ta yanke hukunci cewa aljani ne yake kishi da ni. Aljani! Wane aljani ne zai rasa abin yi a duk faɗin Kano sai kishi da malamin makaranta mai ciwon gwiwa?

Ita kuwa Kande, Allah Ya saka mata daidai aikinta. Kin kai mata kukan bushewa da raɗaɗi, sai ta haɗo ki da alif, da jiƙon bagaruwa, da matsi, ta ce ki riƙa tsugunawa a kan hayaƙi. Wa ya taɓa ganin shuka tana yaushi a zuba mata garwashi? Ni kuma da na ƙarar da idona a kan littattafai, in na jiyo ƙamshin nan sai in gyara zaman hula kamar sabon ango, ina zaton goron gayyata ne. Har kasuwar Kurmi na je da ƙafata na ƙaro miki turaren! Ashe wutar da take ƙona ki nake saya wa itace.

To, ki zauna da kyau kada ki faɗi: na je asibitin. Ni kaɗai, da babbar riga, a kan benci tsakanin mata masu ciki. Wata ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Baba, kai watanka nawa?" Suka kwashe da dariya har nas ta leƙo. Na daure, don ke. Likitar, wadda ba ta girmi 'yarmu Muhsina da yawa ba, ta ce ba za ta taɓa zancen jikinki ba sai kina wurin, amma ta yi mini karatun da ban taɓa cin karo da shi a kantar littattafaina ba.

Ta ce wannan ciwo ba baƙo ba ne a wurin mata, kunya ce kawai take rufe shi. Wata bushewar gaba ce, musamman in al'ada ta fara ɗaukewa irin shekarunki, ko mace tana shayarwa. Wata ciwon sanyi ne, wata tabon ƙari ko ɗinkin haihuwa. Wata kuma daga can ciki ne, wajen mahaifa, sai an yi hoto a gani. In aka daɗe ana shan wuya, jiki da kansa yakan ɗaure don tsoro tun kafin a taɓa shi. Jikinki yana tsorona, Sa'a? Ni da nake cire miki ƙaya daga kifi?

Amma likitar ta ce akwai magani, kuma yawanci ba mai wuya ba ne. A duba ki a san dalili. In sanyi ne a ba da magani, in ta kama in sha nawa ni ma, zan haɗiye ba musu. Akwai man santsi na musamman a kemis, ba basilin ba, ba man shanu ba, akwai kuma na shafawa da likita take rubutawa. A daina cusa komai, a daina hayaƙi da sabulu mai ƙamshi, tsarki da ruwa zalla ya isa. Daga nan ta sauke tabarau ta ce sauran maganin a hannun miji yake: kada ya yi gaggawa, ya yi wasa da hira, in an ce da zafi ya tsaya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kin tuna yammacin da ruwa ya tsare mu a zauren gidanku, kafin a sa mana rana? Kika kalli rigata kika ce mini ta aro ce, don hannun ya rufe yatsuna. Ba kunya, ba kwana-kwana! A ranar na ce wannan bakin nake so ya riƙa faɗa mini gaskiya har in mutu. Ina kika kai shi, ya zumar farin wata?

Ki dawo, ko ki bari in biyo Koki ranar Alhamis mu tafi tare. Zan riƙe miki kati, zan sake zama a bencin nan su ƙarasa dariyarsu. Man kuwa ni zan sayo, ko da mai kemis ɗin tsohon ɗalibina ne. In likita ta ce a dakata har damina ta zagayo, hirarki kaɗai ta ishe ni. Ba na son wani daɗi da za ki biya da hawaye.

Naki jiya, naki yau, naki har ranar da za a ɗauke ni a makara,

Ɗalha.

Na ninke takardar nan sai na tuna. Kin faɗa mini, Sa'a. Bara kin ce, "Malam, a hankali, da ciwo," na yi dariya na ce yanga ce. Bakinki bai je ko'ina ba, kunnena ne ya toshe. Ni ne mai laifi. Ki yafe mini.