Kwalekwalen Baba

Waziriyya, Jidda

Yaya Rabi'a,

Assalamu alaikum. Ya yara, ya ƙafar Kawu? Ni lafiya lau, ina dakon kwalayen kifi a tashar jiragen ruwa. Bayana ne ke ɗan damuna, kar Inna ta ji.

Saƙonki ya iso, cewa ciyawar kacala ta toshe kogin, ruwa ya janye daga fadamarmu ta Nguru, kwalekwalen marigayi Baba ya fito fili. Ni na nutsar da shi da buhunan yashi ranar da zan taho, don kada rana ta tsaga shi kafin in dawo. Damina biyu na ce muku zan yi. Bana ta tara ke nan, ba iƙama, takardar izinin zama.

Kin tambaya ko a faskara. Ku faskara, Inna ta samu itace. Kar dai kowa ya turo mini hotonsa.

Allah ya sada mu.

Ƙaninki,
Haladu