Karen Kawu Marin

Ruse, 3 ga Oktoba

Zuwa ga matata Iskra,

Bayan gaisuwa mai yawa da kewa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya. Yaya jikin Mama? Ta fara cin abinci kuwa, ko har yanzu sai da lallami? Ki gaishe ta, ki ce surukinta yana yi mata fatan sauƙi. Tunda waya ba ta kamawa a ƙauyenku sai an hau tudu, na ga gara in zauna in rubuta, yadda muke yi a da.

Ni dai lafiya, sai gwiwoyi. Tun da hukumar birni ta tsananta dokar karnuka, ni da abokiyar aikina Gergana muke yini a tsaye a lambun bakin kogi. Dokar ba ta da wuya: duk karen da ya fito titi sai da igiya a wuya, babba kuma har da takunkumi. Amma ki zo ki ga kallon da ake mana, kamar mun zo raba mutane da 'ya'yansu. Kowa magana ɗaya ce a bakinsa, wai nasa ba ya cizo. Jiya wata mata ta ce min, "Bawan Allah, aikin yi ka rasa? Ga ramuka nan cike da titi, je ka ɗaure su." Na wuce abina. Shekara talatin da ɗaya ina aikin hukumar nan, saura biyu in huta, ba ni da sauran yawun musu.

Wanda ya fi damuna shi ne maƙwabcinmu na sama, Kawu Marin, da Karaman ɗinsa. Kin san karen, tsayinsa ya kusa ƙugun mutum, kuma bai taɓa sanin igiya ba tun matar Kawu tana raye. Sau huɗu ina yi masa magana. A na ƙarshen ya dube ni ya ce, "Lyubo, a kogin nan na koya maka iyo kana ɗan shekara shida. Igiya na ɗaura maka?" Na ce, "Kawu, ai lokacin ban kai nauyin Karaman ba." Ya yi dariya ya wuce, kare na gaba, shi yana baya. Na sayo igiya mai ƙwari na kai masa har ɗaki. Shekaranjiya na hango ta a barandarsa, ya ɗaure reshen inabi da ita.

Gergana ta ce in rubuta masa takardar gargaɗi kamar kowa. Sau biyu ina ciro biro. Amma mutumin da ya ɗauki akwatin gawar babana a kafaɗarsa, da wane ido zan miƙa masa takarda a gaban mutane? Na ce bari dai sai wani satin.

Barkonon da kika bari na gasa shi, rabi ya ƙone. Gidan ya yi min girma.

Naki har kullum,
Lyuben

Ruse, 14 ga Oktoba

Iskra tawa,

Ina gaishe ki, ina gaida Mama. Takardarki ta iso, na ji daɗi da kika ce ta tashi zaune har ta nemi miyar wake. Allah ya ƙara sauƙi. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, abin da zan faɗa miki ne ya yi min nauyi.

Ranar Asabar da safe na fita sayen burodi, ba na bakin aiki. A ƙofar kasuwa na gamu da Kawu Marin, Karaman yana yawonsa sake kamar kullum. Na gaishe shi, ya amsa, na wuce. Ko wuyan karen ban kalla ba, don na gaji da maganar. Ban ma karɓi burodin ba na ji hayaniya a waje.

Kyanwa ce ta gitta. Karaman ya bi ta a guje, ya bangaje Inna Petrana, telar nan ta layin bayanmu da kike kai wa ɗinki. Bai cije ta ba, ko haushi bai yi mata ba. Tana riƙe da jaka biyu, ta faɗi a gefen titi, ƙashin ƙugunta ya karye. Na zo na same ta kwance, tuffa sun watse har ƙarƙashin motoci, tana ta ba mutane haƙuri wai ta tare musu hanya. Kawu Marin na tsaye da hula a hannu yana maimaita, "Ai ba ya cizo," ba mai sauraronsa. Karen ya dawo ya zauna kusa da ƙafarsa.

Ranar Litinin 'yarta Bilyana ta zo ofis. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Tambaya ɗaya ta yi, ko an taɓa yi wa mai karen gargaɗi. Shugabanmu ya juyo wajena, tunda unguwar a hannuna take, ya ce in kawo rahoto kafin Juma'a ta sama.

To ga halin da nake ciki. A rubuce babu komai. Gergana ta ja ni gefe ta ce, "Sau huɗu ka faɗa masa, ai ba ƙarya ba ce. Cike takardar gargaɗin ka mai da kwanan watan baya, kafin abin ya faru, magana ta ƙare. Shekara biyu fa ta rage maka." In na yi haka, ni na kuɓuta. Kawu kuma ya zama wanda aka gargaɗa ya ƙi ji, a ƙwace karen a kai shi gidan ajiye karnuka na bayan gari, kuma kare mai shekara goma ba wanda zai je ya ɗauko shi. In na rubuta gaskiya, laifinsa na farko ke nan, tara ce kawai. Amma ni na zama ma'aikacin da ya ga haɗari wata da watanni ya kau da kai saboda sanayya.

Kawu bai sake leƙowa waje ba tun ranar. Ina jin faratan karen a kan daɓe ta saman kaina, yana kai da kawowa. Kada ki faɗa wa Mama, ba ta buƙatar wannan yanzu.

Mijinki mai kewarki,
Lyuben

Ruse, 29 ga Oktoba

Masoyiyata Iskra,

Gaisuwa gare ki da Mama da duk wanda ya tambaye ni. Ina fatan sanyin da ya fara bai taɓa ƙirjinta ba. Na karanta takardarki sau uku. Kin ce ba za ki zaɓa min ba, tunda ni zan zauna da abin da na rubuta. Na ji haushinki na yini ɗaya, sannan ya wuce.

Kafin in rubuta komai sai da na je asibiti. An yi wa Inna Petrana aiki, an sa mata ƙarfe. Tana ganina ta ce, "Mijin Iskra ne. Zauna, ka daina tsayuwa a kaina kamar likita." Za ta taka da sanda, in ji su, amma ɗakinta a hawa na huɗu yake, gidan ba lif sai matakala, don haka ita da ɗakin sun rabu. Na faɗa mata komai, har gaisuwar da na yi wa Kawu a ƙofar kasuwa. Ta gyara bargonta ta ce, "Karen ban riƙe shi a raina ba, kyanwa ya gani. Marin kuwa tun muna 'yan mata ba ya jin magana. Kai ne dai ban gane ba, Lyuben. Ba don irina aka ajiye ka a titin ba?" Ta ce in miƙo mata ruwa, na miƙa.

Washegari na rubuta rahoton yadda abin ya faru. Kada ki ɗauka jarumta ce. Hannuna ne kawai ya ƙi rubuta kwanan watan ƙarya bayan na ga ƙafarta. Ba a kore ni ba. An ba ni takardar jan kunne, an ɗauke ni daga titi, an mai da ni wani ɗaki a ƙasan ofis marar taga, ina shigar da sunayen karnuka a rajista. Gergana ma an yi mata tambayoyi saboda ni, yanzu ita kaɗai take shan shayinta.

An ci Kawu tara, an bar masa karensa. Ranar farko da ya fito da shi a ɗaure, Karaman ya fizge shi har ya kai gwiwa ƙasa. Hannun ɗan shekara tamanin ba zai riƙe wannan dabbar ba. Don haka ni nake fita da shi kowace safiya kafin aiki, da igiya da takunkumi, Kawu yana biye da mu a hankali. Kwana biyar bai ce min uffan ba. A na shida, muna bakin kogi, ya ce, "Da ka rubuta min takardar nan tun farko, Lyubo. Da na zage ka har kakanka, amma da na ɗaure shi." Ban sani ba ko da zai ɗaure ɗin. Shi ma ina jin bai sani ba.

Bilyana za ta tafi da uwarta Varna, wajenta za ta zauna. Jiya na je na taya su sauko da kaya. Ni da mijinta muka ɗauko keken ɗinkin, hawa huɗu, muna hutawa a kowane hawa. Shekara arba'in yana gindin tagar nan, ƙafafunsa har sun yi gurbi a daɓe. Da muka gama Bilyana ta miƙo min wata leda, ta ce mamanta ta ce taki ce, kuma ki yafe mata. Rigar sanyinki ce, shuɗiyar, wadda kika kai a rage wa hannu kafin ki tafi. Hannu ɗaya ta gama. Ɗayan yana nan a naɗe, da allurai a jiki, yadda ta bar shi ranar Juma'a don ta ƙarasa in ta dawo daga kasuwa.

Na rataye ta a bayan ƙofa, ban cire alluran ba. Ki taho da wata rigar in za ki dawo, an fara sanyi sosai a nan.

Ki kula da kanki, ki shafa min kan Mama.

Ni ne naki,
Lyuben