Waƙar Kokawar Tanda

Gaya, watan Oktoba 1957

Zuwa ga Yaya Kadi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ina zaman Yamai? Zanen da kika aiko a kamyon Alassan, motar kayan nan, ya iso, Allah ya saka. Ni ina nan cikin takaba, sai godiyar Allah.

Yaya, mutanen marigayi ne suka hana ni sukuni. Kin san shi ne sarkin makaɗan kokawa a garin nan, kuma kowace kaka su ne mutanen garin Tanda ke kira, su je da sabuwar waƙa. Bana ma an aiko, amma an ce in babu sabuwa za a ɗauko makaɗan ƙetaren kogi. Siddo mai ganga, da Dodo da Isufu 'yan amshi, suna zuwa zaure bayan la'asar kamar da. Ina jin su ta bayan zana. Siddo ya ɗan taɓa ganga ya ajiye, sai wani ya ce mai waƙa ya tafi da waƙarsa.

Ni kuwa na san ba haka ba ne. A ɗaki yakan shirya baiti daidai, sannan ya gurgunta shi da gangan ya fita da shi zaure. Dodo ya tuntsire da dariya ya ce, "Sarkin Kiɗa, wannan ko akuya ba ta taka masa rawa!" Isufu ya gyara, Siddo ya ƙi, a yi ta gardama har waƙa ta fito wadda ta fi tasa nesa. Ya shigo yana murmushi ya ce mini, "Safi, in na kai musu lafiyayye, kai kawai za su gyaɗa." Gobe zan gaya musu, su san waƙoƙin nan daga bakinsu suka fito.

Ki gai da kowa.

Ƙanwarki, Safi

Gaya, watan Disamba 1957

Zuwa ga Yaya Kadi,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku. Yaya jikin Fatuma? Allah ya ƙara sauƙi.

Na gaya musu, Yaya, da ma na yi shiru. Na zaci za su yi murna. Siddo ya ce, "Ashe yara ya mai da mu. Waƙarsa na aljihu, mu muna ta kumfar baki." Na rantse masa tasu ake rerawa, ba ta marigayi ba. Ya ce ni mace ce mai tausayi. Dodo ya tashi ya fita. Da kasuwa ta zagayo na ji ya kama aiki a shantiye, wurin ginin gada, yana dakon siminti.

Isufu ya dawo shi kaɗai, ya durƙusa bakin zana ya ce in ba su lafiyayyen baiti in akwai. Akwai guda, wanda ya shirya da damina kafin ciwo ya kwantar da shi. Na so in gurgunta shi kamar yadda yake yi, amma bakina ya kasa. Na ba su yadda yake. Ya kira Siddo suka rera a zaure, ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya taɓa kalma ɗaya. Isufu ya ce wa ya isa ya gyara maganar mamaci.

Da wannan waƙa suka je Tanda. An ce mini 'yan kokawa sun tsaya a fage suna kallon juna, ƙafar kowa ba ta motsa ba. Sarkin kokawa ya ba su goro cikin mutunci, ya ce baɗi su huta.

Tun daga nan ba wanda ya sake leƙowa. Sai yanzu nake jin ya mutu da gaske, don da ina tsammanin in suka yi gardama zan ji muryarsa a tsakani. Jiya maƙwabcinmu ya roƙi in ba shi zauren ya ajiye dammunan gero. Na ce ya kawo.

Ki sa ni cikin addu'a. Ki gai da maigidanki da yara.

Ƙanwarki, Safi